Shanun da Ilu Ya Zana a Hanyar Oran

A Damagaram na fara gane cewa hannun Ilu ne zai ciyar da mu a wannan tafiya, ba bakina ba. Kwananmu uku a tasha muna jiran motar Agadas, guzuri ya kusa ƙarewa. Ilu ya zari gawayi a murhun mai shayi, ya je bangon bayan rumfar ya zana saniya tana waiwaye. Mai shayin ya taso da niyyar faɗa, sai ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ciki gare ta," in ji shi.

"Wata bakwai," in ji Ilu.

Har muka bar tashar, mutumin bai bar mu da yunwa ba.

Sunana Hamisu, mutumin Gumel. Mu biyu muka yi tafiyar, ni kaɗai na dawo, kuma ina da hannu a cikin hakan. Bayan na gama sakandare na yi shekara huɗu a garejin masu fentin mota, daga baya na koma rubutun allunan shaguna. Ɗan Faransancin da nake ji a kasuwar Maigatari na tsince shi, wurin mutanen Nijar masu kawo dabbobi. Ilu kuwa Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Ɗanzomo. Yana saurayi ciwon huhu ya shiga garken mahaifinsa, shanun suka ƙare a damina biyu, tsohon ma bai daɗe ba ya rasu. Ilu ya shigo Gumel ba sana'a, ya riƙa bin bangwayen mutane da gawayi. Ba ya zana komai sai shanu, kuma ba shanun kowa ba, nasu da suka tafi, kowace da sunanta da kamanninta. An zage shi, an kore shi, wani maigida ya taɓa sa shi ya wanke bango da soso. In an shafe da safe, kafin la'asar wata ta fito a wani lungu.

Ni na fara miƙa masa gwangwanin feshi. Na ga hannun ya fi ƙarfin gawayi, na ja shi Maigatari muna yi wa manyan motoci ado a baya. Shi ya yi saniya, ni in yi rubutu a ƙasa. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Fillo. Wani direba ne ya nuna mana hotuna a waya, ya ce a Aljeriya mai zane a bango hayarsa ake ɗauka, ba korarsa ake yi ba. Maganar ta fi zama a raina fiye da a ran Ilu.

Tare da gwangwanin na ba shi wani abu. A garejinmu na Gumel akwai doka: duk wanda ya yi feshi, kafin ya tafi gida sai ya sha madara gwangwani ɗaya, don ta wanke fentin da ya shaƙa. Maigidanmu haka ya gada a wurin nasa maigidan, kuma ban taɓa jin wanda ya musa ba. Ranar da na faɗa wa Ilu, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Duniya ta zo ƙarshe. Kaɗo yana koya wa Bafulatani amfanin madara."

Amma ya karɓa, kuma ya riƙe dokar fiye da ni.

A Agadas mun yi wata biyar. Muna kwana a wani gida da ake tara matafiya, da rana mu bi masaukai da shagunan kayan mota muna neman aikin allo. A can hannun Ilu ya fara canzawa. A gida yana cika jikin saniya da launi tun daga kai har wutsiya. Da ya ga bangwayen garin, jar ƙasa mai kama da fatar jar saniya rahaji, sai ya daina. Ya bar bangon ya zama jikin saniyar, shi kuma ya fesa farin ƙaho, ya ɗan sa baƙi a ƙarƙashin ciki da bayan kunne, shi ke nan. In kana kusa ba ka ganin komai sai tabo huɗu ko biyar. In ka ja baya, sai ka ga saniya tsaye kamar da ma can a cikin bangon take.

"Ka rage fenti, ka ƙara saniya," na ce masa.

"Ƙasar nan ce ta san kalarta. Ni mene ne nawa?"

Mutumin da ya haɗa mu da motar Tamanrasset ta Aljeriya ya rantse har cikin gari za a kai mu. Direban ya sauke mu a wani fili da hantsi, ya nuna wani dutse can nesa, ya ce bayansa gari ne, ya juya. Bayan dutsen wani dutse ne. Mu goma sha wani abu muka yi wuni biyu muna tafiya. Ba na son tsawaita wannan. Wani tsohon Buzu mai raƙuma ne ya tsince mu, ya ba mu ruwa a hankali, kurɓi-kurɓi, ya hana mu kwankwaɗa, ya raba mana dabino. Ba ma jin harshensa, ba ya jin namu sai gaisuwa. Da za mu rabu Ilu ya durƙusa ya zana masa raƙuminsa da yatsa a kan rairayi. Tsohon ya duba, ya gyara masa ƙafar baya da sanda, suka yi wa juna dariya. Raƙumi ɗaya ke nan da na taɓa ganin Ilu ya zana.

A Tamanrasset muka san mene ne zama ba takardar izini. In ka ji an ce jandarma, wato 'yan sandan ƙasar, ka bar abin da ke hannunka ka nemi lungu. Wata mata 'yar Damagaram tana sayar da tuwo a bayan wani gareji, wurinta muke zuwa mu ci mu ji Hausa. Ilu bai cika maganar gida ba, amma kullum sai ya yi wa madarar kwali tsiya.

"Wannan madarar ba ta taɓa ganin saniya ba," yakan ce, sannan ya shanye.

Wani ɗan kasuwa ya ba mu aikin ɗakin taron biki. Sati uku muna ciki. A nan Ilu ya fara jan ƙaho yana tsawo, ƙahon wannan ya shiga na waccan, har suka zagaye ɗakin kamar rassan bishiya. Ranar da muka gama, mutumin ya shigo a guje yana cewa jandarma sun shigo layin. Muka fice ta baya. Da muka dawo bayan kwana biyu, maigadi ya ce ba a san mu ba. Na leƙa ta taga, na ga an rubuta sunan ɗan mutumin a ƙarƙashin shanun. Na yi ta zage-zage a hanya. Ilu ya ce in bari.

"Shanun sun san mai su."

A hanyar nan ce na fara jin tarin. Busasshe ne, gajere, kamar mai gyaran murya. Na ce ƙurar gari ce, na sayo madara.

Daga nan muka wuce Oran, gari ne a bakin teku, da sanyi mai shiga ƙashi. Mun sami wuri a wani bene da ba a gama ginawa ba, tare da 'yan Gini da 'yan Mali masu aikin birkila. Gidan da ke kallonmu na wata tsohuwa ce, Hajja Zuhra, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna ƙetare. Ta ga Ilu yana zane da gawayi a jikin bulo, ta kira mu da hannu. Ta fito da tsofaffin labulen gidanta, farare masu kauri, da wani kwali cike da buroshi na marigayin, wanda ta ce malamin zane ne a makaranta. Ilu ya juya buroshin a hannu kamar an ba shi cokali mai yatsu.

"Tambaye ta, Kaɗo, wannan tsintsiyar ta share ina ce?"

Sati bai cika ba ya kama ta. Ya daka gawayi, ya jiƙa ƙaro kamar yadda ake haɗa tawada, ya samo jar ƙasa a wurin birkiloli ya tankaɗe. Ya yanka labulen gida-gida, ya riƙa zama a bakin taga yana aiki. Ya ce a bango sauri kake yi kana waiwaye, a ƙyalle kuwa saniya tana tsayawa ka kalle ta. Ya ce kuma ƙirjinsa ya fi sakewa. Ni na ce masa wasa yake yi, ba wanda zai ba mu aiki a kan tsumma. Na riƙa yawo da hotunan bangwayensa a waya ina nuna wa mutane.

Haka na samo aikin da na ɗauka shi ne sa'armu. Wani mai sabon otal yana son a ƙawata wurin ajiye motoci da ke ƙarƙashin ginin. Bango ne mai tsawon da in ka tsaya a wannan ƙarshe ba ka gane fuskar wanda ke wancan. Ba taga, iska sai ta gangaren da motoci ke shigowa. Mutumin ya ba mu kwampreso na feshi da fenti da tina mai tsinka shi, ya ce in aikin ya yi kyau yana da abokai masu irin wannan gini. Ilu ya zagaya wurin yana shafa bangon da tafin hannu.

"Garken duka zai shiga nan," ya ce a hankali. "Ban taɓa samun inda za su shiga duka ba."

Muka fara. Ni ina haɗa fenti a bakin gangare inda iska take, shi yana can ciki cikin hazon feshi, ya ɗaure hanci da rawani. In ya fito, gashin hancinsa ja ne ko fari, ya danganta da saniyar da yake kai. Kwali ɗaya na madara ya koma biyu. A sati na uku na ga ya yi tari a cikin tsumma ya yi sauri ya naɗe. Na karɓa na buɗe. Ja ne, kuma ranar farin fenti muka yi aiki da shi.

"Kaɗo," ya ce, "a wurinmu saniya in ta fara irin wannan, ware ta ake yi."

"Kai ba saniya ba ne. Tashi mu je kantin magani."

Mai kantin dattijo ne mai tabarau. Ya sa Ilu ya ja numfashi, ya saurara, ya dubi fentin da ke farcensa, ya tambaye ni aikinmu. Na gaya masa. Sai ya cire tabarau ya yi mini magana da Faransanci a hankali, yadda zan gane kowace kalma, kuma na gane. Ya ce abokina ya bar feshi daga yau, ba gobe ba. Ya ce wannan ba tarin da ake sayen maganinsa a kanti ba ne, a kai shi asibiti a duba huhunsa. Ya ce kada takarda ta hana mu, likita ba ɗan sanda ba ne. Ya rubuta sunan asibitin da motar da za mu hau, ya miƙa mini. Ya ƙara da ruwan maganin tari kwalba ɗaya, ya ce kyauta ne, amma in sani ba zai warkar da komai ba.

Muka fito. Ilu ya tambaye ni me ya ce.

Na ce, "Ya ce sanyin teku ne. Ka sha wannan, ka huta kwana biyu."

Na yi shekaru ina juya wannan tsayuwa tamu a bakin kantin. Zan iya cewa tsoron jandarma ne, kuma akwai shi. Zan iya cewa na yarda da madara, kuma na yarda da ita, ko in ce na so in yarda. Amma bangon ya kai rabi, saura sati uku, kuma na riga na fara ganin kaina a matsayin mutumin da masu otal ke kira a waya. Na ce wa raina in an gama sai mu je asibitin, sati uku ba komai ba ne. Na ninke takardar na tura cikin aljihun wando. A hanya na tsaya na sayi madara kwali uku.

Sati ukun ya zama shida, don hannunsa ya rage sauri. Yakan fesa saniya ɗaya ya fito gangare ya zauna, ya koma. Amma aikin, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan gani. Ya haɗa abin da ya koya a Agadas da na Tamanrasset. Tokar simintin ce jikin shanun, ƙahonin suka sarƙe suka yi rumfa, ƙafafu kuwa 'yan layuka ne kawai a cikin ƙura. Duk garken ya fuskanci gangare, wajen haske. Na can ciki duhu ne, da ƙyar ake ganinsu, suna ƙara fitowa suna ƙara haske, har ta gaba, farar da yake kira Raneye, wadda ta kusa taka rana. In mota ta shigo da fitila, sai ka ga kamar suna motsi.

Ranar da ya gama, da azahar, ya ajiye bindigar feshin ya ce mu tafi. Ya kasa hawa gangaren. Na goya shi. Bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

Hajja Zuhra ce ta tari mota ta kai mu asibiti, wanda sunansa ke aljihuna. Ba wanda ya tambaye mu takarda. Likitar mace ce, matashiya. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa a haske ta daɗe tana kallo. Ta ce tarin fuka ne ya kama shi, fenti kuma ya ƙone abin da ciwon ya rage. Ta tambayi tun yaushe yake tarin jini. Na faɗa. Ta tambayi me muke ba shi. Na ce madara. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube ni, sannan ta rubuta wani abu a takarda. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ya yi wata ɗaya a kwance, aka sallame shi da magunguna. Hajja Zuhra ta hana shi komawa kangonmu, ta ba shi ɗakin ɗanta, mai taga tana kallon teku. Ni na shiga aikin birkila da 'yan Gini, in na tashi in zo in zauna da shi. Mai otal ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba.

A ɗakin nan Ilu ya zama mai zanen da ya kamata ya zama tun farko. Ba shi da ƙarfin tsayuwa, sai ya ɗora katako a cinya, ya shimfiɗa ƙyalle. Numfashinsa gajere ne, sai layinsa ya zama gajere. Yakan daɗe yana kallon farin ƙyallen, sannan ya ja buroshi sau shida ko bakwai, ya ajiye. Kusan duk ƙyallen fari yake barinsa. Saniya ɗaya a gefe, sauran fili. Wani abokin mijin Hajja mai kantin littattafai ya zo ya gani, ya karɓi waɗanda Ilu ya yi a takarda ya rataye a kantinsa. Mutane suka fara zuwa gidan suna tambayar ɗan Nijeriya mai shanu. Wata malamar jami'a ta zauna ta yi ta bayani a kan farin da yake bari, na fassara masa iya abin da na gane.

"Ce mata gajiya nake yi," in ji shi.

Na takarda yakan bayar. Na labule kuwa ya ce na Inna ne, mahaifiyarsa, ba na kowa ba.

Wata Juma'a da hantsi ina wanke masa buroshi, na ce ina da magana. Na fara, sai na shiga kewaye-kewaye. Ya ce in bari ya taimake ni.

"Ta mai kantin magani ce?"

Na ɗaga kai.

"Kaɗo, ba na jin Faransanci, amma ina jin tsawon magana. Mutumin ya cire tabarau, ya yi magana kamar mai huɗuba, har da rubutu. Kai ka ba ni a kalma biyar."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Da na tambaya da ka faɗa. Na san ka, ƙaryarka ba ta jure tambaya biyu." Ya yi tari, ya huta. "Ni ma bangon nake so. Saura saniyarmu Woɗeye da 'ya'yanta ban sa ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a bakin kantin, in daina ɓata masa ruwan buroshi da hawaye. Na san ya faɗi haka ne don ya rage mini kaya. Amma shi ba a ba shi zaɓi da kalmomin da aka ba ni ba. Shi tsawon magana ya ji, ni na ji maganar.

Ya so ya koma gida. Likita ta ce hanyar hamada ba za ta bar shi ya kai ko Tamanrasset ba. Ya rasu bayan wata biyu, da safe, Hajja Zuhra na kusa da shi, ni ina saman bene ina miƙa bulo. 'Yan Gini da 'yan Mali suka bar aikinsu suka zo, muka yi masa sutura, muka kai shi. Mai kantin littattafai ma ya zo. Maƙabartar tana kan tudu, ana hango ruwa.

Na naɗe ƙyallayen a cikin leda, na ɗaura a ciki ƙarƙashin riga, haka na ratso hanyar da muka bi. Saƙon rasuwar ya riga ni zuwa. Na yi sati biyu a Gumel ina cewa gobe, sannan na hau mota zuwa Ɗanzomo, na ƙarasa rugar a babur.

Na tarar da Inna a gindin bishiya tana gyaran ƙwarya. Ilu ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce abokinka. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa ba tare da muryarta ta motsa ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gidanmu. Ta tambaya ko an yi masa salla da jama'a, na ce an yi. Ta ce alhamdu lillahi.

Na ce ya bar mata saƙo. Na shimfiɗa tabarma, na jera ƙyallayen yadda ya yi su, na farko zuwa na ƙarshe, na danne gefensu da duwatsu. Ta matso. Ta zauna a bakin tabarmar. Sannan ta fara nuna su da yatsa tana kiran suna, kamar mai ƙirga garke da yamma. Raneye. Saige. Wule. Wannan 'yar Saige ce, mai harbi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, har waɗanda layi shida ne kawai. Matan rugar suka taru a baya suna kallo, wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi.

Sai Inna ta koma kan na farko. Ta sunkuya sosai.

"Wannan yaushe ya yi ta?"

"Watanmu ɗaya da isa garin, Inna."

"Woɗeye ce. Ita ciwon bai taɓa ta ba, da lafiyarta aka sayar da ita." Ta bi layin wuyan da yatsa ba tare da ta taɓa ƙyallen ba. "Dubi yadda ta miƙe wuya. Dubi ƙafafun gaba, ta ware su. Saniya ba ta irin wannan tsayuwa sai numfashi na yi mata wuya."

Na duba. Wata da watanni ina kallon wannan ƙyalle, ban ga komai ba sai saniya mai kyau.

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A kowane, wuyan ya ƙara miƙewa, kan ya ƙara yin ƙasa. Ta tsaya a na ƙarshe.

"Daga waccan zuwa wannan, wata nawa?"

"Tara."

"Wata tara," ta ce. "Kuma wuri ɗaya kuke kwana."

Ba tambaya ba ce, amma ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta yi ba tun zuwana. Na zo da niyyar in ce ciwo ne ya zo farat ɗaya. Na shirya maganar tun daga Agadas. Sai na ji ina gaya mata komai, gwangwanin feshi, dokar garejinmu, bangon da ba taga, dattijo mai tabarau, takardar da na tura a aljihu, da kalma biyar ɗin. Na gaya mata ya ce ya yafe. Matan da ke baya suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Ta saurara har na gama. Sannan ta fara cire duwatsun, tana ninke ƙyallayen a hankali, tana ɗora su a cinya.

"Abin da ke tsakaninka da shi, ya yafe, ba ni da ta cewa. Kwanansa ne ya ƙare." Ta daidaita gefen na ƙarshe. "A wurinmu, Hamisu, makiyayin da ya ji saniya na tari ya yi shiru, ba a dukansa, ba a zaginsa. Ba a dai sake ba shi sandar kiwo."

Na ce na ji, Inna.

Ƙanen Ilu, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana tsaye can gefe. Tun da na iso yake tambayata hanyar Agadas da yadda ake samun aiki a can, har ya ce zai raka ni bakin titi mu ƙarasa maganar. Ya ɗauko takalmansa. Inna ta yi masa magana da Fulatanci, gajeriya, ba ta ko juya ba. Ya ajiye takalman ya koma ya zauna.

Ta miƙe da ƙyallayen a ƙirji, ta ce in gaida mutanen Gumel, ta shiga bukka. Na fito hanya ni kaɗai.